Ranar da Kaka Ta Rage Murya

Ni ba mai fita ba ce. Ko biki anka yi a unguwarmu nan Wurno, in dai ba na jini ba ne, sai in aika da gudummawata in zauna tsakar gida ina tsintar shinkafa, kunnena na can. Kunne kuwa Allah ya ba ni. Boko ban yi nisa ba, allo ma iyakata abin salla da ɗan ƙari, amma in mawaƙi ya buɗe baki a lasifika, kafin ya yi nisa na san waƙar wa ya ɗauko, na san inda ya yanke da inda ya liƙa. Bikin da anka yi bayan gidanmu watan jiya, mawaƙin da sunka ɗauko ina jin har Magarya an ji shi, don kwanonina da ke jere a ɗaki sai da sunka yi ta rawa. Da gari ya waye na tambayi maƙwabciyata, wadda ta je ta zauna gaba-gaba, na ce mi ya faɗi a waƙar tasa. Ta ce, "Wallahi Kulu, murya dai gare shi." Iyakar abin da ta zo da shi gida ke nan. Sai na tuna Kaka.

A Gandi na tashi, ɗakin kakata ta wajen uwa. Innata ta rasu ina ƙarama ƙwarai, ban riƙe fuskarta ba, abin da na riƙe ƙamshin man shanu ne a gashinta. Babana kuwa da an gama girbin gero da dawa sai ya ɗaure kayansa ya tafi fadamun Goronyo noman albasa, ba mu sake ganinsa sai zafi ya kama. Duk tsawon ɗari daga ni sai Kaka, sai akuya guda, sai rumbu. Ɗakin nata ba wani kaya ciki. Gadon kara, tukunyar ruwa, da ƙoƙunan shan fura biyu rataye a bango. Ɗaya take sha da shi, ni ina da ɗan kwanona, amma kullum duka biyun take wankewa ta mayar. Kallabinta kuwa ɗaure yake tamau dare da rana, ban cika ganin an yi mata kitso ba. Lokacin ban tambayi dalili ba, na ɗauka haka tsofaffi suke.

Kaka gajeruwa ce, muryarta ƙarama, dusasshiya, kamar ana jan tabarma bisa yashi. In ta kira ni daga bakin rumbu sai akuya ta riga ni ji. Amma da wagga muryar ta yi shekaru tana waƙar biki da kiɗan ƙwarya, daga Gandi har Rabah, har daga Sisawa akan aiko da jaki a ɗauke ta. Ni ban ishe wannan zamanin ba, don ta aje waƙa shekarar da innata ta rasu. Bakin tsofaffin unguwa na ji yadda take yi. Wai ba ta zuwa ranar biki. Tun ana gobe take isa, ta shiga cikin mata ana daka ana tankaɗe, ta karɓi taɓarya ita ma, ba ta cewa komai, tana ji tana kallo. Wa ta yi ɓari bara, wa ɗanta ya tafi Kurmi bai aiko ba, wace tsohuwa ce ta goya amarya tana jaririya amma yau anka bar ta a gefe. Ranar biki, in an kifa ƙwarya bisa ruwa an fara kiɗa, sai ta miƙe tsakiyar fili ta tsaya. Ba ta fara ba. Tana bin mata da ido ɗaya bayan ɗaya, har masu hira su ji kunya su kama bakinsu. Sannan ta buɗe baki, kowa ya ji an taɓo nasa. Kuma waƙar da ta yi a gida ɗaya ba ta kai ta wani gida, ta ce daidai wuyan masu gidan anka ɗinka ta.

Abin da ni na ishe tatsuniya ce. In ɗari ya shigo, bayan isha'i, yaran unguwa kan taru tsakar gidanmu. Kaka na da doka guda. Karan gida na girki ne, shi zai kai mu damina, ba ta ƙona ko sili don tatsuniya. Duk yaron da ke son ji sai ya zo da karansa, na dawa ko na gero, abin da hannunsa ya iya ɗauka. Da la'asar za ka gan mu cikin gonakin da anka girbe muna tsinta. Don haka wutarmu daidai yawanmu take. In mun cika gida, wuta har ta haska saman rumbu, mu gasa gujjiya da dankali a gefenta. In ranar kasuwa ce an gaji, wuta ƙarama, tatsuniya gajeruwa.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta kankare goronta ta zuba a baki, ta dube mu, ta ce, "Ga baƙuwa ta taso daga nesa, ƙahwarta duk taɓo. Wa ka ba ta wuri?"

Mu ce, "Mu ka ba ta, ta zamna."

Kuma babu tatsuniyarta da ba waƙa a ciki. Ita ke bayarwa, mu ke amshi. Ta sha faɗa muna cewa waƙar da ba amshi kuka ne kawai.

Shekarar da nake son ba da labari, wani saurayi maƙwabcinmu, Buhari, ya dawo daga ci-rani da rikoda. Ba a taɓa ganin irinta a unguwarmu ba. Da an yi isha'i sai ya fito da ita ƙofar gidansu ya aza bisa turmi, ya sa kaset ɗin wani mawaƙi mai murya kamar hadarin gabas. In ya ja baiti sai ka ji cikinka na girgiza. Ba kara ake biya ba, ba komai ake biya ba, zuwa kawai. Yara sunka fara raguwa a gidanmu. Yau babu wane, gobe babu wance. Wuta ta yi ta ƙanƙancewa. Har Sa'a, ƙawata da muke tsintar kara tare, wadda ta fi kowa ƙarfin amshi, ita ma ta koma can.

Ni ma na je sau ɗaya, ba zan ɓoye ba. Na zauna na ji kaset ɗin ciki da baya, na dawo gida da shi cikin kaina, har inda mawaƙin ke jan numfashi. Da safe Kaka na dama fura na tsaya gabanta na rera mata, na buɗe murya iyakar ƙarfina. Ta saurara har na gama, ludayi a hannunta.

"Kin ɗauko shi duka," in ji ta. "Ko tarinai ba ki bari ba."

Na ji daɗi. Na ce, "Na iya ko, Kaka?"

"Shi dai ya iya. Ke ina kike ciki?"

Ban gane ba. Na ɗauka kishin rikoda take, na yi fushi na ƙi shan furar.

Amma ban koma wurin Buhari ba. Ba don wayo ba. Daren da na je ɗin, da na dawo na ishe ta zaune ita kaɗai inda muke hura wuta, babu wutar, goronta a kankare a tafin hannu ba ta ci ba. Wannan zaman ne ya hana ni komawa. Sai na riƙa tsintar kara ni kaɗai. Abin da hannun yarinya guda zai ɗauko kuwa ba ya kai tatsuniya ƙarshe. Muna tsaka da labari wuta ta mutu, sanyi ya kore mu ɗaki. Amshi ma ni kaɗai, muryata na yawo a tsakar gida kamar ta ɓata hanya, ga mawaƙin Buhari na tsallako darnin karan da ya kewaye gidanmu yana danne mu.

Wata rana da magariba Kaka ta dubi ɗan karan da na aje, ta ce, "Kulu, ki huta da wahalar ga. Yau mu yi ta ƙarshe. Baƙuwar da ba ta da masu ba ta wuri, gara ta koma garinsu."

Na san Kaka. In ta aje abu ta aje shi, haka ta yi wa waƙa. In tatsuniya ta bi bayan waƙa, to ba abin da ya rage muna a gidan nan sai shiru tun daga isha'i har asuba, har Baba ya dawo. Na fara kuka. Na ce, "Kaka, ki ɗaga murya mana. Ba su jin ki ne. Da kina da murya irin ta mutumin can da duk sun dawo."

Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. "In ɗaga mi? Abin da babu? Ke, in na yi ihu ma akuyar ga kaɗai ka tsorata." Ta share bakinta da gefen zane. "Mutumin ga na cikin akwati, ya san wa az zamne gabanai? Gobe in sun tahi, abin da yac ce jiya shi za ya ce musu. Hura wutarki."

Na hura. Ta ce ga baƙuwa ta taso, na ce ni ka ba ta wuri. Daidai nan na ji motsi bakin ƙofa. Sa'a ce, ta zo kirana, wai an sa sabon batir rikoda ta ƙara ƙarfi. Ta tsaya jikin darni tana yafito ni da hannu, ba ta ko yi sallama ba don kada a ce ta shigo. Kaka ta gan ta sarai. Ba ta kira ta ba, ba ta yi mata faɗa ba. Ta dube ta tun daga kai har ƙafa, kallo mai tsawo, irin wanda tsofaffi sunka ce tana yi a filin biki. Sannan ta fara, kuma maimakon ta ɗaga murya sai ta ƙara rage ta, har ni da ke gefenta sai da na matso.

Wai a wani gari bakin gulbi, ruwa ya ƙafe ƙaf. Ba fari anka yi ba. Tsohuwar gulbi ce, wadda ruwan ke hannunta, ta tattara shi duka ta kifa masa ƙwarya a tsakiyar yashi, ta hau ta zauna, ta sunkuyar da kai. Shekara ta zagayo ba ta ɗago ba. Albasa ta bushe, shanu sunka rame. Masu sani sunka ce ba abin da zai sa ta ɗago sai waƙa.

A garin akwai 'yan mata biyu, Tsawa da Raɗa. Tsawa in ta rera waƙa tsuntsaye na tashi daga itatuwan garin gaba. Duk waƙar da wani babban mawaƙi ya taɓa yi tana bakinta. Ita anka fara kaiwa, da makaɗa da rakiya. Ta tsaya can bisa gaɓa, don mi za ta sauka cikin yashi mai zafi alhali muryarta na kaiwa? Ta rufe ido, ta ɗaga kai sama, ta saki waƙa. Gaɓa ta yi ta zubowa don ƙarfin murya. Da ta gama, tsohuwar gulbi ko kai ba ta ɗago ba. Kaka ta maƙale murya ta yi maganar tsohuwar: "Wagga na ji ta bakin masu wanki tun kakarki ba ta yi haƙori ba." Tsawa ta sake wata. "Wagga masu kamun kihi sunka yar min da ita bara waccan." Ashe duk waƙar da anka taɓa yi a duniya, wata rana wani ya rera ta bakin ruwa, ruwa kuma ya kai wa tsohuwa. Ba wadda ba ta ji ba har ta gundure ta. Tsawa ta yi ta yi har rana ta faɗi, muryarta ba ta gaji ba, amma waƙoƙin sun ƙare.

"Sai Raɗa," in ji Kaka, murya can ƙasa. "Ita ko ba wanda yar raka ta. Wata 'yar baƙa ta, mai wushirya, takalminta na dama ya tsinke an ɗaure da tsumman atamfa ja."

Na waiga. Sa'a na da wushirya. Takalminta na dama kuwa tun ranar kasuwa ya tsinke, innarta ta ɗaure mata da jan tsumma. Ta dubi ƙafarta, ta dubi Kaka. Hannun da take yafito ni da shi ya sauka. Ba ta jin maganar sosai daga inda take, sai na ga ta saki darni ta ɗan shigo.

Raɗa ta san in ta tsaya bisa gaɓa ko ƙadangare ba zai ji ta ba. Dole ta sauka. Ta bi yashi yana ƙona mata ƙafa, tana jan tsinkakken takalminta, har ta iso gaban tsohuwa, kusa ƙwarai, inda ba wanda ya taɓa zuwa. Ta buɗe baki za ta yi wata waƙa da ta sani, sai ta tuna duk an ji su. Ta rufe. Ta tsaya tana kallo. Da ta kalla sai ta ga abin da ba a gani daga gaɓa. Kan tsohuwa rabi a kitse yake, kitso mai kyau amma ya tsufa, ɗaya rabin a tsefe, ya cukurkuɗe. Gefenta kuma ƙoƙuna biyu, ɗaya da sauran fura, ɗaya a wanke a kife. Raɗa ta gane akwai wadda ta fara kitson nan ta tashi ba ta dawo ba. Sai ta durƙusa ta yi waƙa da 'yar muryarta, waƙar da ba ta taɓa ji bakin kowa ba.

Nan Kaka ta aje goronta. Ta ce amshin shi ne "ruwa shiru." Ta fara:

Tsohuwar gulbi, wa kika jira?
Ruwa shiru.
Wa yaf fara kitso yab bar miki rabi?
Ruwa shiru.
Ƙoƙo biyu, baki guda ka sha,
Ruwa shiru.
Mai ɗayan ta bi ruwa, ba ta waiwayo ba,
Ruwa shiru.

Amshin farko ni kaɗai na yi. A na biyu na ji wata murya ta hau bisa tawa. Sa'a ce, durƙushe bayana, ban san lokacin da ta iso ba. Wutarmu ta kusa mutuwa, sai jan garwashi. Sa'a ta tashi da sauri ta je ta zaro kara daga jikin darninmu ta kawo ta cusa.

"Ke ɗiyar ga," in ji Kaka, ba ta ko saki amon waƙar ba, "darnina za ki ƙone min ki biya ni da shi?"

"Gobe ni kawo biyu, Kaka. Sai anka yi mi?"

Sai tsohuwar gulbi ta ɗago kai. Ta ce, "Wa yag gwada miki wagga?" Raɗa ta ce ba kowa, ke na duba. Tsohuwa ta juya mata baya ta ce, "To ƙarasa min." Raɗa ta zauna ta tsefe, ta taje, ta fara kitso. Duk layin da ta kitse sai ƙwarya ta ɗan ɗaga, ruwa ya silalo. Kafin ta kai ƙeya ruwa ya kai mata gwiwa. Da ta ɗaure na ƙarshe gulbi ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, tsohuwa ta miƙa mata ƙoƙon da ke kife ta ce ta sha. Tsawa kuwa tana can sama, ta sake faro waƙoƙinta daga farko, ido a rufe, ba ta san ruwa ya zo ba sai da ya taɓa mata ƙafa.

"Baƙuwa ta kakkaɓe zanenta," in ji Kaka, "ta kama hanya."

Ba ta ƙara cewa ta ƙarshe ce ba. Washegari Sa'a ta zo da dami guda da ƙannenta a baya, don ta bi unguwa tana faɗin an sa ta cikin tatsuniya har da takalminta. Kowa na son a sa shi. Ba duka sunka dawo ba, kada in yi ƙarya. Manyan cikinmu sun zauna wurin rikoda, daga can sunka wuce hira irin ta samari da 'yan mata. Wutarmu ba ta sake haska saman rumbu ba. Amma ta kai kowace tatsuniya ƙarshe, wannan ɗarin da wasu bayansa, har shekarar da Kaka ta kwanta.

Ni anka bari da jinyarta, lokacin na zama budurwa. Ranar da na kwance mata kallabi zan shafa mata mai, na ga gashin a cukurkuɗe fari fat, sai na ɗaga ido na ga ƙoƙunan nan biyu a bango. Tun ina yarinya nake amshin waƙar nan, ban taɓa lura da wadda nake yi wa amshi ba. Innata ce mai yi mata kitso, ita ce kuma mai ɗayan ƙoƙon. Na ɗauko mataji na zauna bayanta. Na kitse mata shi tas.

Yau ga ni na kai shekarun da na ishe ta a ciki. Maigida ya rasu, 'ya'ya sun watse, wasu Sakkwato wasu gaba. Gidan da dauri ba ka jin maganar kanka don hayaniya, yanzu in cokali ya faɗi sai na firgita. Ɗarin bara ɗana na Sakkwato ya kawo min yaransa hutu, don matarsa ta haihu. Na yi murna kamar in taka rawa. Na hura gawayi a kasko tsakar gida, na tara su, na ce yau za su ji abin da ba ya cikin waya. Na ba su tsohuwar gulbi. Kunnen nan nawa bai yar da ko kalma ba. Na maƙale murya inda Kaka ke maƙalewa, na yi tari inda take yi, har jan tsumman takalmi na faɗa. Kafin Raɗa ta gama waƙarta manyan sun zame ɗaki, na ji wani mawaƙi na tashi daga waya, murya sumul kamar an goge ta da mai. Da na ga haka sai na ƙara ɗaga murya. Ƙaramar, Nana, ta yi hamma ta bi su.

Na zauna gaban kasko har gawayin ya zama toka. Can na ji kamar Kaka na gefena da ludayinta. Na ɗauko ta duka, ko tarinta ban bari ba. Takalmin Sa'a na ba yaran da ba su san Sa'a ba, Sa'ar da ta rasu wurin haihuwa tun ubansu na goye. Ina bisa gaɓa, idona a rufe.

Washegari ban ce da kowa ya zo ba. Na wuni ina aikina ina kallon su. Sai na lura Nana ba ta wasa da sauran. Akwai wani ɗankwali shuɗi na uwarta da ta zo da shi, ya yi mata yawa, ba ta ɗaurawa, sai dai ta naɗe a hannu, in ta ga ba mai kallonta ta kai hanci. Ko'ina ta je yana hannunta. Da isha'i na hura kaskona na zauna. Ta fito za ta wuce ɗaki. Na fara magana a hankali, kamar da gawayin nake. Na ce akwai wata yarinya da anka yi wa ƙane, gida ya cika da 'yan barka, kowa jariri yake kallo, sai anka sa ta mota anka kai ta wani gari wurin wata tsohuwa mai yawan surutu. Ba ta tafi da komai ba sai shuɗin ɗankwali, wanda in ta shinshina yakan gaya mata abin da ake yi a gida. Ban san inda labarin zai nufa ba, wallahi. Ina faɗi ina ƙagawa.

Ta tsaya. Ta dawo baya kaɗan. "Kaka, mi kika ce? Ba na ji."

Ban ƙara murya ba. Ta zo ta zauna har gwiwarta na taɓa tawa.

"Ai ni ce," ta ce.

"Ke wa? Ni wata nika faɗi. Ke kina da surutun tsohuwa a gidanku?"

"Ga ki nan."

Na yi waƙar ɗankwali nan take, ba ta da wani daɗi. Na ba ta amshi ta karɓa. Duk sauran hutun, kowane dare, ni da ita da kasko. Yayyenta ba su fito ba ko sau ɗaya.

Shi ya sa in maƙwabta na yaba mawaƙi suna cewa muryarsa ta kai gari kaza, ni ba na musu, murya kyauta ce ta Allah. Abin da nake saurare daban ne. Ina jin ko ya sauko ya dubi mutanen da ke gabansa, ko kuwa da su da bango duk ɗaya ne a wurinsa. Ina jin ko a cikin abin da yake rerawa akwai wani abu nasa, wanda ya gani da idonsa ko ya kwana da shi a ransa. In akwai, ko muryarsa ta kai ta ƙofar da ba a sa wa mai ba, mata za su koma gida da baitinsa a baki su yi daka da shi.

Hutu ya ƙare, an zo an kwashe su. Gida ya koma yadda yake. Bayan kwana kaɗan waya ta yi ƙara da magariba, uban ya ce ga Nana ta dame shi.

"Kaka, yarinyar nan ta koma gida? Ki ƙarasa min."

Na ji kamar in ƙarasa, don kunnena ya yi kewar amshinta. Amma na dubi wayar nan a hannuna, ba ido ba fuska, ban san ko ɗankwalin na hannunta ba, ban san ko ta rame ko ta yi ƙiba ba. Mi zan duba in faɗa?

Na ce, "Nana, muryata ƙarama ta, ba ta kai Sakkwato. Sai kin zo kusa."

"To yaushe?"

"Tambayi babanki. Kuma in za ki zo, ki zo da karanki. Haka dokar take."

"Kaka, mu ina muka ga kara a nan?"

Ta yi gaskiya. Da anka girbe dawa bana na roƙi masu wucewa da amalanke sunka jefo min dami guda. Yana nan jingine bayan ƙofar ɗakina, ban taɓa ko sili ba. Ɗari ya fara shigowa.